Gudun Motar Asuba

Tun da na dawo daga Jidda ban sha shayi cikin natsuwa ba. A gidan rediyo, a majalisarmu ta bakin kasuwa, har a wurin zaman makoki, sai an samu mai jana gefe ya ce, "Malam Sale, wai da gaske ka ga Mamman Tsinke? Wai da gaske ya kaɗa?" Na maimaita labarin har ya fara canza kama a bakin mutane. Shekaranjiya na ji wani yana rantsuwa cewa a cikin jirgin ruwa muka yi ɗaukar. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi yadda ya faru, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa.

Ga wanda bai sani ba, Samarin Tasha ƙungiyar makaɗa ce ta nan Damagaram, masu jita mai lantarki da ganga, irin kiɗan da Turawa ke kira rok, amma da waƙar Hausa a kai. Sun fara tun ina firamare. Yau babu mai baƙin gashi cikin waɗanda suka kafa ta, amma sunan yana nan, har gobe samari ne. Kaset ɗinsu na farko a wani ɗaki na bayan gidan rediyonmu aka ɗauke shi, rikoda ɗaya, makirufo ɗaya. Bayansa sun yi wasu a Yamai da Kano, suka shiga zamanin faifan sidi, suka shiga na memori. Wasu ayyukan sun karɓu, wasu kuwa ko su kansu ba sa son a tuna musu. Amma duk inda suka je waƙa ɗaya ake nema, "Motar Asuba", ta ƙarshe a kaset na farko. Ƙarshenta ne abin so. Jitar Mamman Tsinke takan fara a hankali, sai ta riƙa ƙara sauri tana ƙara tsini, kamar mota ta bar gari ta samu kwalta. Jim kaɗan bayan fitowar kaset ɗin Mamman ya tafi umra bai dawo ba, kuma duk masu jitar da suka gaje shi daga kaset suka koyi wannan gudun.

Bara yara suka tono waƙar suka riƙa ɗora ta a kan gajerun bidiyo na waya. Ta shigo jerin waƙoƙi goma da masu sauraro ke zaɓa a shirina na ranar Asabar, ta hau ta ɗaya ta ƙi sauka. Har wani jerin waƙoƙin Afirka na intanet ta leƙa, Haruna ya sa aka buga masa hoton shafin ya manna a shagonsa.

Haruna shi ne mawaƙin ƙungiyar kuma shugabanta. Ana cikin wannan murna likita ya ce sai an yi masa aiki a maƙogwaro, kuma bai yi masa alkawarin muryarsa za ta dawo yadda take ba. Haruna ya ce kafin a sa masa wuƙa yana so a sake ɗaukar "Motar Asuba" da kayan zamani, kuma da hannun Mamman. Mamman ba shi da halin zuwa, saboda aiki da takardu, amma ya ce a waya, "Ku turo mai ɗauka." Dama ina da niyyar umra. Haruna ya sa muryarsa da ganga a memori, ya bar gurbin jita, ya damƙa mini.

"Ka je ɗakin Allah tukuna," in ji shi. "In ka gama roƙa mana gafara sai ka je ka ɗauko mana kiɗa."

Ta Kano na bi, don jirgin can ya fi dacewa da ni. Motar haya ce ta kai mu iyaka ta hanyar Matamai. A ɓangaren Najeriya wani jami'i ya buɗe jakata, ya zaro rigar makirufo mai gashi wadda muke sawa saboda iska, ya riƙe ta da yatsu biyu.

"Alhaji, wannan wace dabba ce?"

Na yi masa bayani. Bai gamsu ba sai da na zura makirufo a ciki na ɗauki muryarsa na sa masa ya ji. Da ya tambayi inda za ni da ita na faɗa masa, sai ya ajiye komai ya ciro wayarsa. "Motar Asuba" ce ƙarar kiransa.

"In ka ga mutumin nan ka ce masa ya kusa kashe ni. Duk sanda wurin nan na ƙarshe ya zo ina kan babur, sai in ga na murɗa."

A filin jirgin Kano wata hajiya 'yar kasuwa ta lura kayana ba nauyi, ta roƙe ni in ɗaukar mata ƙunshi ɗaya. Na ce ta yi haƙuri, ba na ɗaukar abin da ban ɗaure da hannuna ba. Ta ce daddawa ce da kuka, ta kira ni mai baƙin hali. Allah ya sa kujerarta na kusa da tawa. Ba ta ce mini uffan ba har muka sauka, amma da ta gan ni na nufi layin da ba nawa ba, cikin harami ina riƙe da mayafi kada ya zame, sai ta ɗaga murya ta ce, "Kai mai baƙin hali, nan ne naku." Da ba don ita ba da na daɗe a tsaye.

Ba zan tsawaita kan umra ba, wannan tsakanina da Ubangijina ne. Na yi wa Haruna addu'a kamar yadda ya nema. Daga Makka na dawo Jidda.

Abu na farko da ya tarbe ni shi ne zafi mai ruwa-ruwa. Namu zafin busasshe ne, ka shiga inuwa ka huta. Nasu yana bin ka har inuwa. Duk sanda na fito daga ɗaki mai sanyi sai tabarauna ya yi hazo, in tsaya a bakin ƙofa kamar makaho ina gogewa.

Mai masaukina Usman ne, ɗan uwan matar wani abokin aikina, amma ba mai kiransa haka. Abu Faisal ake ce masa, don a can da sunan ɗa ake kiran mutum, abin da mu a nan muke jin kunyarsa, musamman ɗan fari. A Jidda aka haife shi, a can aka haifi mahaifinsa ma. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya bi ta Sudan, ya yi hajji ya zauna. Abu Faisal yana ba da hayar lasifika da fitilu a wuraren biki, gidansa a Bani Malik, unguwa mai cunkoson benaye da shaguna. Hausarsa tana da kyau, sai dai takan tsallaka Larabci a tsakiyar magana ba tare da ya lura ba.

"Ya ustaz, nan gidanka ne, halas, shi ke nan. Ba maganar otel."

Da safe ful muke ci, wato dafaffen wake da aka dama da mai, da wani faffaɗan burodi mai zafi da suke kira tamis. Ranar farko da yamma ya ce zai ɗanɗana mini abincin Hijaz na asali, wanda ba a samun irinsa ko'ina. Muka yi tafiya mai nisa a mota. Aka kawo nama a tsinke, an barbaɗe shi da ƙuli da yaji.

"Siriya sunansa," in ji shi.

"Abu Faisal, tsire ne."

"Na sani mana. Su kakana suka kawo. Amma kar ka faɗa da ƙarfi, Larabawan nan sun ɗauka nasu ne."

Gahawa ce ta ba ni wahala. A gidan wani maƙwabcinsa aka zuba mini a ɗan ƙaramin kofi, na shanye na miƙa don a karɓa, sai aka sake cikawa. Na shanye na miƙa, aka ƙara. A gida in baƙo ya ce alhamdu lillahi an gane ya ƙoshi. Na faɗa har na gaji, ana amsa mini da fara'a ana zubawa. Sai da zuciyata ta fara bugawa kamar kalangu Abu Faisal ya raɗa mini cewa girgiza kofin ake yi. Ya ce ya ga abin tun farko, yana so ne ya ga iya inda zan kai.

Washegari muka nufi Nuzla, a kudancin gari, inda Mamman yake. Lunguna ne matsattsu, wayoyin lantarki a sarƙe a sama, mata na sayar da gyaɗa da fura a bakin ƙofofi. In ka rufe ido ka saurara sai ka rantse a Zangon Damagaram kake. Na tambayi wani tela gidan Mamman Tsinke, ya ce bai san shi ba. Mai shago ma haka. Sai Abu Faisal ya tambaye ni sunan ɗansa, na ce 'ya ɗaya na san yana da ita, Maryam.

"Abu Maryam mai jita?" in ji telan. "To ai sai ku faɗa. Ga ƙofarsa can. Amma wa ya ce muku tsinke ne?"

Telan ya yi gaskiya. Mutumin da ya buɗe mana ƙofa kakkaura ne, da furfura a gemu. A hoton bangon kaset kamar iska za ta ɗauke shi. Ya rungume ni ya ce, "Ɗan rediyo! Da muryarka nake karin kumallo ranar Asabar." Ashe a waya yake bin shirin, kuma duk unguwar an san waƙarsa ce ta ɗaya. Yara kan bi shi suna kwaikwayon jita da baki.

Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, na gaya masa waɗanda suka rasu. Maryam ta kawo shayi. Babbar mace ce, tana aiki a wurin karɓar baƙi na wani asibiti. Tana jin Hausa sarai, amma rabin amsarta da Larabci take bayarwa. Na lura da jitar a jingine da bango, da sababbin tsirkiyoyi. Na fara buɗe jakata.

"Bar ta a rufe, ƙanena," in ji Mamman. "Ka sha wahalar banza. Ba zan iya ba."

Ya shimfiɗa hannuwansa a kan gwiwa. Gaɓoɓin yatsun sun kumbura, biyu sun ɗan karkace. Shekaru ya yi yana ɗaukar dilolin barguna a wani sito a Khumra, can bayan gari.

"Abuya, ka gwada ya ji," in ji Maryam, haka take kiran babanta. Ta juyo gare ni, ta kira ni baffa da Larabci. "Ammu, tun da aka yi waya, kullum bayan la'asar yana yi. Kullum. Sai ya zo tsakiya, halas, ya ajiye."

Ya ɗauki jitar don ya rufe mana baki. Na sa masa abin da Haruna ya aiko. Farkon ya fito tsaf, hannun da na sani ne tun ina yaro. Da gangar ta fara ƙara sauri ya bi ta, ya bi ta, sai yatsa ɗaya ya makara, na biyu ya bi shi, kiɗan ya watse. Ya jingine jitar a hankali.

"Ka gani. Ka ce wa Haruna ya sa ɗaya daga cikin yaransa. Da gudu mutane suka san ni. Ba zan bari su ji ni ina ɗingishi ba."

Na ce ko a hankali ne ya yi, mu ɗauka. Ya ce in an rage gudun ba "Motar Asuba" ba ce. Ban ja da shi ba, don ni ma a lokacin haka na yarda.

Ranar ban kira Haruna ba. Ya kira ni ban ɗauka ba, na rasa abin da zan ce wa mutumin da ke jiran wuƙar likita.

Na yanke shawarar in koma ko hira ce in yi da Mamman, kada in dawo hannu rabbana. Ya karɓi wannan da daɗi. Ya ba ni tarihin ranar da suka yi ɗaukar farko, yadda suka aro ganga, yadda Haruna ya sha ɗanyen ƙwai wai don murya. Cikin hirar ya ce yana da kaset ɗin da aka kwafa masa a ranar, kai tsaye daga uwar, wato ainihin kaset ɗin da aka yi ɗaukar a kansa, da duk surutun da ke tsakanin waƙoƙi, wanda masu kwafa na kasuwa suka yanke. Maryam ta ɗauko shi. Ba su da abin sa shi, amma Abu Faisal ya ce akwai tsohuwar rikoda a cikin tarkacensa, ya je ya kawo.

Muka zauna muna ji. Kafin waƙar farko wata murya mai kauri ta ce, "To bismilla, muna ɗauka."

"Malam Abdu ke nan, Allah ya jiƙansa," in ji Mamman.

Ban buƙaci a gaya mini ba. Malam Abdu shi ne injiniyan sauti na gidan rediyonmu, a hannunsa na koyi aiki. Muryarsa kamar ta bajimi take, in ya yi gyaran murya a ɗakin watsa shiri allurar mita sai ta motsa.

Kaset ya ci gaba. Kafin waƙar ƙarshe aka ji hayaniya, sai wani ya ce, "An ɗauke wuta, na mai da rikoda da lasifikar jita kan batir. Ku yi maza." Muryar ta ɗan sirance. Aka yi "Motar Asuba" har ƙarshe, da gudunta da kowa ya sani. Da ta ƙare sai wata 'yar siririyar murya, kamar ta yaron da bai balaga ba, ta ce, "Alhamdu lillahi, mun samu."

Na tsayar da rikodar.

"Yaya Mamman, wane ne ya yi maganar nan ta ƙarshe?"

"Malam Abdu mana. Shi kaɗai ke kusa da makirufo."

Na mayar da kaset farko na sa musu muryarsa, na dawo ƙarshe na sake sa musu. Mutum ɗaya ne, rana ɗaya, ɗaki ɗaya. Duk wanda ya yi aiki a zamanin kaset ya san abin nan. In batir ya yi sanyi, rikoda takan ja zare a hankali. In aka zo aka sa wannan zaren a na'ura mai cikakken ƙarfi, komai zai fito da sauri da tsini. Batirin Malam Abdu yana mutuwa ne sannu a hankali tun daga farkon waƙar har ƙarshenta, shi ya sa gudun yake ta ƙaruwa. Na yi musu wannan bayani yadda zan karanta labarai, ban ƙara gishiri ba.

Abu Faisal ne ya fara fashewa da dariya, Maryam ta harare shi ya haɗiye.

"Kana nufin," in ji Mamman, "batir ne ya yi suna, ba ni ba?"

"Ina nufin ba ka taɓa kaɗa ta da wannan saurin ba. Ba wanda ya taɓa, sai yaran da suka koya daga kaset."

"Amma na ji ta a kasuwa da kunnena bayan ta fito."

"Me ka ce da ka ji?"

Ya murza gemu. "Na ce ashe haka na yi zafi ranar. Mutane suna ta yaba mini. Wa za a ce masa ya yi abin kirki ya ce ba shi ba ne?" Ya dubi hannuwansa. "Daga nan na taho. Na ajiye jita shekara da shekaru. Abin da ya rage mini kaset ne."

Ban ga alamar ya ji daɗi ba. Na nemi ya ba ni aron kaset ɗin zuwa gobe, ya ɗaga kafaɗa.

A gidan Abu Faisal na juye shi a kwamfuta. Ma'aunina muryar Malam Abdu ce. Na riƙa jan ƙarshen waƙar ina rage masa sauri har "Alhamdu lillahi, mun samu" ta koma muryar mutumin da ya koya mini aiki. Daga nan na bi waƙar gaɓa-gaɓa ina daidaitawa, tunda lalacewar ba a lokaci ɗaya ta faru ba. Wuni guda na yi a kai. Abu Faisal yana shigowa da shayi yana cewa, "Ya ustaz, ka tayar da mamaci, saura mai rai."

Da muka koma Nuzla ban yi dogon bayani ba, na sa wa Mamman abin ji a kunne. Na ga fuskarsa lokacin da waƙar ta kai inda take tashi da gudu, ba ta tashi ba. Ta ci gaba da tafiyarta, mai nauyi, kowane sauti yana samun wurin zama kafin na bayansa ya zo. Akwai wasu ƙananan juye-juye na yatsa da gudun ya haɗiye, ban taɓa jin su ba sai ranar.

Ya cire abin kunnen. "Wannan ni ne," ya ce. Ya ƙara sawa ya ji har ƙarshe. "Babana direban babbar mota ne, hanyar Agadas. Ita na yi wa kiɗan. Motar nan ba ta taɓa gudu ba, ɗan rediyo. Da lodi take tashi, cikin rairayi take tafiya. Ni kaina na manta."

Ya miƙa hannu, Maryam ta ba shi jitar. Sai da ya sassauta tsirkiyoyin kafin su dace da waƙar. Ya bi ta daga farko har ƙarshe bai tsaya ba.

A nan na kira Haruna. Na ce masa akwai labari biyu. Mamman zai kaɗa, amma abin da ya aiko ba zai yi amfani ba, sai ya sake waƙar gaba ɗaya, a hankali, kuma ƙasa da inda ya saba. Na gaya masa dalili. Sai na ji dariya, irin mai haɗe da tari.

"Sale, tun ina saurayi nake kashe kaina in kai muryata inda ba ta taɓa zuwa ba! Ba ni ɗan banzan nan."

Mamman ya karɓi wayar. "Kai, mai shan ɗanyen ƙwai."

"Tsinke! An ce ka zama turmi."

Muka fita muka ba su wuri.

Gidan Mamman ba ya ɗaukuwa, saboda hayaniyar lungu. Shi ya kawo shawarar siton da yake aiki. Shugaban ma'aikatan, wani ɗan ƙasar Yaman, ya yarda mu shiga ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin ba a aiki. Khumra duk sito ne da garejoji da gidajen leburori. A cikin siton dilolin barguna sun kai rufi, kuma ban taɓa shiga ɗakin ɗaukar sauti da ya kai wurin nan kashe amo ba. Abu Faisal ya kawo ƙaramar lasifikar jita. Matsala ɗaya, na'urar sanyaya wuri tana gurnani, dole aka kashe ta. Cikin ɗan lokaci rigunanmu suka jiƙe sharkaf.

Ɗaukar farko kyanwa ce ta ɓata ta. Ta gaba wayar Abu Faisal ce, wani mai biki yana neman fitilu. Na karɓe wayar na ba Maryam. Leburori 'yan Bangaladash da 'yan Sudan da ke kwana a kusa suka taru a bakin ƙofa, na roƙe su da hannu su yi shiru. Sun san Abu Maryam da ɗaukar kaya, ba su san shi da wannan ba.

"Yalla, Abuya," in ji Maryam.

Ya zauna a kan dila ɗaya, tsohuwar waƙar da na gyara tana kunnensa, ya rufe ido. Ni allurar mita nake kallo, aikina ke nan. Amma da ya kai gaɓar ƙarshe na ɗaga kai. Gumi na ɗiga daga gemunsa a kan jitar, karkatattun yatsun suna tafiya a natse, ba wanda ya makara. Da ya saki sautin ƙarshe na bar na'urar tana ɗauka har ya mutu da kansa. Sannan na ce, "Alhamdu lillahi, mun samu." Ban shirya faɗin haka ba. Mamman ya buɗe ido ya dube ni, ya gane.

Ranar da zan taho ya ba ni bargo ɗaya in kai wa Haruna, wai asibiti akwai sanyi. Maryam ta ba ni dabino. Abu Faisal ya kai ni filin jirgi, yana ta nanata mini cewa in na sake zuwa na sauka a otel, halas, ba shi ba ni.

A iyaka na tarar da jami'in nan. Ya gane ni tun daga nesa. "Mai dabba! Ka gan shi?" Na sa masa abin ji a kunne. Ya saurara, ya ɗaure fuska.

"Motar ta yi lodi ne?"

"Ta yi."

Ya ji har ƙarshe, ga layin matafiya a bayana. Ya ce, "Wannan ba ta kan babur ba ce." Na miƙa hannu in karɓa, ya ce in dakata, in sake sa masa tukuna.

Haruna ya ɗora muryarsa a kan jitar Mamman kafin ranar asibiti, kuma bai yi tari ko sau ɗaya ba. An yi aikin lafiya. Yanzu yana magana ƙasa-ƙasa, likita ya hana shi waƙa sai an ga yadda wurin ya warke, amma ya ce akwai kyakkyawan zato.

Na sa sabuwar a shirina, na ba da labarin batir a taƙaice. Layukan waya suka cika. Wasu suka ce mun ɓata musu waƙa, wani ya ce ƙarya nake yi, gwamnati ce ta sa a rage gudun. Wata tsohuwa ta ce ita dai yau ta fara jin kalmomin. A makon da ya biyo baya sabuwar ta shigo jerin goma daga ƙasa. Tsohuwar tana sama har yanzu, sabuwar tana hawa a hankali. Wannan ne karo na farko da ƙungiya ɗaya ta riƙe gurbi biyu a shirin da waƙa ɗaya.

Makon jiya Maryam ta turo mini saƙon murya. Ba magana a ciki, jita ce kawai, wani kiɗa da ban taɓa ji ba, ana jin hayaniyar lungun Nuzla a bayansa. A ƙarshe Mamman ya ce, "Ka kai wa mai ƙwai. Ka ce masa ba sauri, in ya warke ya ɗora waƙa a kai."

Na tura masa. Jiya na bi ta shagonsa, na same shi zaune da bargon a kafaɗa, ya manna waya a kunne. Bai ga shigowata ba. Yana buga tebur da yatsa, leɓɓansa suna motsi.